Maɓallai Shida a Rigar Auta

Ni tela ce, shekara goma sha huɗu ina taka keke, amma ka shigo shagona ka duba sama da ƙasa, ba za ka ga maɓalli ko ɗaya a fili ba. Suna cikin tsohon gwangwanin madara, gwangwanin yana cikin akwati, akwatin kuma yana ƙarƙashin tebur an rufe shi da ƙyalle. Masu kawo ɗinki in suka ga na durƙusa ina jan akwati don kawai in sa wa riga maɓalli biyu, sai su ɗauka zinariya nake ɓoyewa. Duk wannan wahalar saboda ƙanena ne, Auta.

Auta shekararsa ashirin da huɗu, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ga gemu ya fara cika. Ba ya tsoron kare, ba ya tsoron tsawa. Ran da ɓera ya shiga kicin, ni da Mama muna kan kujera muna salati, shi ya kama shi da hannu ya kai waje kamar wanda ya raka baƙo. Amma maɓalli ya faɗo daga tebur ya gangaro wajen ƙafarsa, sai ka ga ƙaton nan ya manne da bango, gumi na keto masa, leɓensa na rawa.

Likitoci sun ce otizim gare shi. Mutanen layinmu kuwa suna da sunayen da suke kiran abin, kuma duk wanda ya taɓa faɗar ɗaya a gabana bai sake ba. Yana magana sarai, sai dai a taƙaice, kuma ba ya ƙari ba ya ragi. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, har da sakan zai ba ka.

Wata uku da suka wuce aka ɗauke shi gwaji a wani babban sito na magunguna. Aikinsa jera kwalaye a kan kanta bisa ranar da wa'adinsu zai ƙare, wanda ya kusa lalacewa a gaba, mai sauran lokaci a baya. Aikin da mutum uku suke yi suna ruɗewa, shi kaɗai yake yi yana ƙananan waƙe-waƙensa. Kafin wannan aikin shekara biyar ya yi a ɗakinsa, daga gado sai taga, sai ko ya leƙo shago ya jera mini zare kala-kala ya koma. Da ya fara aiki sai ga Auta yana goge takalmi, yana gaida maigadi, har labarin direban sito yake kawo mana wajen cin abinci. Mama ta daina wannan dogon tagumin nata. Ni kam ba abin da nake tsoro a duniya kamar in sake ganinsa a bakin tagar nan.

Ranar Alhamis da yamma ya dawo da wata leda a rataye a kan sanda, ya miƙe hannu can nesa da jikinsa. Ya ajiye ta a bakin ƙofar shago, ya ja da baya taku uku.

"Yaya, an tabbatar da ni," ya ce.

Na saki almakashi na yi tsalle. "Kai, Alhamdu lillahi! Mama! Fito ki ji!"

"Kuma na bar aiki."

Na buɗe ledar. Riguna biyu ne shuɗaye masu gajeren hannu, da tambarin kamfani a aljihu, kowace da fararen maɓallai shida reras a gaba. Akwai takarda a ciki daga sabon Manaja, wanda ya zo makon jiya: daga ranar Litinin duk tabbataccen ma'aikaci zai sa rigar aiki, wanda bai sa ba ya tsaya a waje.

"Ba ka bar komai ba," na ce. "Gidan tela ka fito. Jeka ka yi wanka."

A nan na yi kuskuren da tela kaɗai za ta yi. A sana'armu, abin da ba a son gani rufe shi ake yi. Ranar Juma'a na ɗauki riga ɗaya, na samo ƙyalle mai kalarta, na ɗinka wani siririn marufi a kan layin maɓallan tun daga wuya har ƙasa. Aiki ya yi kyau, ni kaina na tsaya ina yaba kaina. Na ɓalla su duka na miƙa masa, na ce ya zura ta ta kai kamar singileti.

"Babu?" ya tambaya.

"Babu," na ce, ko idona bai ƙifta ba.

Ya zura. Ta zauna masa ɗas. Mama ta fara murmushi. Sai ya sa tafin hannu ya shafa gaban rigar daga sama zuwa ƙasa, yadda yake yi wa kowace sabuwar riga, abin da na sani sarai amma na manta. Hannunsa ya bi ta kan tudu shida.

Ban taɓa ganin an yaga riga da sauri haka ba. Ya shige banɗaki ya kulle, muna jin ruwa na zuba har tankin ya kusa ƙarewa. Da ya fito ƙirjinsa ya yi ja don dirza. Bai kalle ni ba. Sai da ya kai ƙofar ɗakinsa ya ce, "Kin ce babu." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina, kuma don ban iya jin kunya shiru ba, sai na huce a kan keken ɗinki, na ce shi ne yake tsinka zare.

Da yamma Goggo ta zo, don labari ba ya wuce ta. Ta zauna ta cika kujera, ta karɓi shayi, ta fara ba da magani.

"Ku kuka sangarta shi. A zuba masa guda ashirin a aljihu, kwana uku ya saba."

"Goggo, ke da kike gudun kyankyaso, in zuba miki ashirin a jaka?"

"Ke dai bakinki ne zai kashe ki. Kyankyaso ai rai gare shi!"

Mama ta ce ita dai har gobe tana zargin ranar da marigayi Baba ya daka masa tsawa don ya zubar da gwangwanin maɓallai. Na ce Baba ya daka wa kowa tsawa, ga ni nan ina kwana da tashi cikin maɓallai. Likitar da ke duba shi ta taɓa ce mana masu irin lalurarsa sukan ji abu a fata ko a kunne fiye da yadda muke ji, santsi ko sanyin abu kaɗai ya isa ya tayar musu da hankali, wani lokaci kuma ba a gano dalili. Shi kansa mun tambaye shi ya fi sau ɗari. "Auta, me ya sa kake tsoronsa?" Amsar ɗaya ce kullum: "Ban sani ba."

Asabar da safe na yafa gyale na nufi siton, don rabin rana suke yi. Na shirya magana mai daɗi tun daga gida, na yi ta maimaita ta a mota. Manajan gajeren mutum ne mai tabarau, teburinsa a share, biro uku a jere kamar sojoji. Na gaishe shi, na ce ni ce yayar Auta, na zo roƙon a bar shi ya sa riga mai zif.

"Saboda me?"

"Ba ya son maɓalli, Yallaɓai."

"Ni ma ba na son tashi da sassafe, Malama, ga ni kuwa."

Nan take maganar mai daɗi ta gudu ta bar ni. Na gaya masa a wata uku ƙanena bai taɓa makara ba. Na gaya masa kafin zuwan Auta magani na ruɓewa a bayan kanta ba wanda ya sani. Na gaya masa wasu abubuwan kuma da bai kamata in maimaita ba. Ya bar ni na gama tsaf, yana gyara zaman biro.

"Na san aikinsa, shi ya sa na sa hannu aka tabbatar da shi," ya ce. "Amma in na bar mutum ɗaya, jibi direba zai zo mini da rigar ƙwallo. Ranar Litinin zan tsaya a bakin ƙofa. Abin da nake so, in na duba layi in ga riga iri ɗaya. Shi ke nan."

Na fito ina huci. Sai da mota ta yi nisa maganarsa ta dawo mini: in ya duba layi ya ga iri ɗaya. To, ai gani ya ce.

Lahadi bayan karin kumallo na ƙwanƙwasa ƙofar Auta.

"Na yi maka ƙarya ranar Juma'a, ban kyauta ba. Yau zan sake gwadawa, kuma a gabanka zan yi. In ka ce a'a, an bari."

Ya daɗe kafin ya buɗe. Ya ɗauko kujera ya ajiye a bakin ƙofar shago, inda zai iya gudu in ta ɓaci. Na ce ya juya baya, na yanke maɓallan riga ta biyu, na kai su akwati, na wanke hannu da sabulu yana jin ƙarar ruwan. Sannan ya juyo. Na ɗinke ramukan, na sa siririn zif a ƙarƙashin layin gaba yadda ba a ganinsa. Daga nan na zare farin zare mai kauri a allurar hannu, na zana da'ira shida da alli, na shiga cike ta farko, ɗinki kan ɗinki, har ta taso ta yi tudu. Da na gama na ɗauko baƙin zare zan yi ɗigo huɗu a tsakiya, don aikin ya fito sak.

"Ban da ramukan," ya ce da sauri.

"Ba ramuka ba ne, ɗigo ne kawai."

"Yaya, ban da su."

Na ajiye baƙin zaren. Zuciyar tela ta so ta yi gardama, don da'ira ba ɗigo kamar fuska ce ba ido, amma na danne ta. Na shimfiɗa rigar a tebur na koma gefe. Ya matso. Ya ɗauki rula ya taɓa da'irar da bakinta. Ya jira, kamar mai jiran ta motsa. Sannan ya sa ɗan yatsa.

"Zare ne," ya ce.

"Zare ne."

"Saura biyar."

Sai la'asar na gama, wuyana ya ƙage, yatsana ya sha suka. Ya sa rigar, ya ja zif, ya shafa gabanta daga sama har ƙasa, sai ya tafi neman burushin takalmi. Mama ta shige kicin wai albasa za ta yanka.

Kafin ya shiga ɗaki na tare shi. "Ka ji ni da kyau. Gobe in Manaja bai tambaye ka ba, kada ka ce komai a kan rigar nan."

"To."

Litinin na raka shi, wai don in sayi zare a hanya. Na laɓe kusa da rumfar maigadi. Ma'aikata sun yi layi su goma sha wani abu, duk shuɗaye, Manaja na tsaye a bakin ƙofa da hannu a baya. Auta ne na bakwai, idonsa a ƙasa. Layi na tafiya. Da aka zo kansa Manaja ya dube shi sama da ƙasa, ya gyaɗa kai. Auta ya wuce. Na ce a raina, tela ta ci!

Sai Manajan nan, da yake bakinsa bai iya zama shiru ba, ya ɗaga murya ya ce, "Ka gani ko? Ga shi ka sa maɓalli, bai cinye ka ba."

Auta ya tsaya cak. Na san wannan tsayuwar. Na fara yi masa alama da hannu, da ido, da gyale, har maigadi ya tambaye ni ko lafiya. Bai ko kalli wajena ba.

"Ba maɓalli ba ne, Yallaɓai. Zare ne. Yayata ta yi jiya. Ga ta can."

Haka aka kwashe mu zuwa ofis, ni da shi, kamar waɗanda aka kama da kayan sata. Manaja ya rufe ƙofa, ya gyara tabarau, ya sunkuya ya ƙura wa ƙirjin Auta ido. Ya daɗe yana kallo. Ni kuwa na riga na cika baki da magana, jira nake ya ce wani abu in sauke masa.

Sai kawai ya zauna, ya jawo takarda, ya ɗauki biro ɗaya. Mutumin sito ne, kuma na lura duk abin da aka kawo gabansa, ko kwali ne ko mutum, tambayoyinsa ba sa canzawa.

"Wannan abin, tun yaushe?"

Na buɗe baki zan ce ai tun yana yaro, ba wanda ya sani.

"Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris," in ji Auta. "Ina da shekara huɗu da wata bakwai."

Na juyo na kalle shi.

"A ina?" Manaja ya tambaya yana rubutu.

"Asibiti. Ɗaki na biyu a hannun hagu."

"Me ya faru?"

"Na faɗo daga kan tebur, ƙeyata ta fashe. Likita zai ɗinke. Ya ce a riƙe ni. Mama ba ta iya kallon jini, ta fita. Aka danna fuskata a jikin riga. Maɓalli na biyu ya shiga bakina. Rami huɗu gare shi, na ji su da harshe. Na kasa numfashi. Na yi ihu, aka ƙara dannawa."

Biron Manaja ya tsaya. "Wa ya riƙe ka?"

"Yaya. Da rigar makaranta."

Na tuna ranar. Wallahi na tuna ta, har warin ɗakin. Shekarata goma sha uku, daga makaranta aka wuce da ni, likita na cewa ki riƙe shi da kyau kada ya motsa, ni kuma na rungume kansa iya ƙarfina don ina tsoron allura ta kauce. A gida har yabona aka yi, aka ce na yi jarumta. Ban taɓa sanin akwai abu a bakinsa ba. Shekara ashirin muna tambayarsa me ya sa, ba wanda ya taɓa tambayarsa yaushe. Na nemi kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

Manaja ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi gaban tasa rigar, ya jawo wani fayil ya rungume a ƙirji kamar wanda sanyi ya kama.

"Nawa maɓallan fa? Suna damunka?"

"Takalminka nake kallo, Yallaɓai. Na hagu yana son gogewa."

Manaja ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya yi gyaran murya. Ya buɗe durowa ya fito da takardar dokar, ya bi ta da yatsa layi-layi har ƙasa.

"Riga shuɗiya mai tambarin kamfani," ya karanta. "Ba ta ce maɓalli ba. Ni na ce." Ya ninke ta ya mayar. "Rigarka ta yi. Malama, a ba ki wata ki yi masa ta canji, na ji an ce ɗayar ta gamu da hatsari. Kai kuma jeka bakin aikinka, mota ta kawo kaya tun ɗazu."

Muka fito. Doguwar baranda ce daga ofis zuwa ƙofar sito, yana gaba ina binsa, sai ƙarar takalminsa. Da muka kusa ƙofa na kamo bakin hannun rigarsa.

"Auta. Ban sani ba. Ka yafe mini."

Ya duba agogo. "Takwas da minti tara. Na makara."

"Na sani. Tsaya ka gaya mini abu ɗaya." "Ni fa? Ni da na danne ka, ba ka jin tsorona?"

Auta ba ya amsa tambaya don a ji daɗi, sai ya duba ta ciki da waje. Na tsaya ina jira, kuma ban taɓa jin tsoron amsa kamar wannan ba.

"A'a," ya ce. "Ke kina magana a kunnena. Kina cewa saura kaɗan. Sau goma sha ɗaya kika faɗa."

"Sau goma sha ɗaya?"

"Goma na farko ba gaskiya ba ne. Amma ina jin muryarki, shi ya sa na san ban mutu ba."

Ya zare hannunsa a hankali ya shiga. Na tsaya a bakin ƙofa hawaye na zuba, ban ko share ba, masu dako na ratsa ni da kaya suna cewa Malama a ba mu hanya. Ta tsakaninsu na hango shi ya ɗaga kwalin farko, ya juya shi ya karanta ranar da ke jiki, ya nufi kanta ta uku da shi.